Zare: Don Allah kar a tayar mana da Killmonger

1/ Masu cewa sai an dawo da Killmonger a Black Panther na uku, ku matso kusa. Ina son bos ɗin nan fiye da yawancinku, shi ya sa nake cewa a ƙyale shi. Wanda bai kalli finafinan ba ya wuce, zan fasa ƙwai.

2/ Ku tuna yadda ya mutu a fim ɗin 2018. T'Challa ya soke shi, ya tallabe shi ya kai shi ya ga faɗuwar ranar Wakanda da babansa ya sha ba shi labarinta. Sannan ya ce masa ana iya warkar da shi. Ya ƙi. Ya san in ya warke kurkuku za shi, sai ya nemi a jefa gawarsa a teku, inda kakanninsa suka riƙa faɗawa daga jiragen bayi. Da hannunsa ya zare makamin daga ƙirjinsa.

3/ To nauyin fim ɗin duk a kan wannan ƙin yake. Yaro ne da aka bari a Oakland da gawar ubansa, kuma sarkin Wakanda, wan uban nasa, shi ya yi kisan. Ranar da Marvel ta ce ashe Shuri ta ɓoye shi a ɗakin gwaji, ko ga wani Killmonger daga wata duniyar, an mai da wurin nan wasan yara. Kowa zai sake kallo yana cewa ai ƙarya ce, zai tashi.

4/ Ana ce mini a littattafan komik ya sha mutuwa yana dawowa. Haka ne, tun da Don McGregor da Rich Buckler suka ƙirƙiro shi a 1973. Amma komik duk wata yake fitowa, dole a riƙa jujjuya bosawa. Fim fa? Biyu kacal muka samu, 2018 da 2022.

5/ Kuma ai ya riga ya dawo, jama'a. A Wakanda Forever Shuri ta sha ruwan ganyen nan tana fatan ganin mahaifiyarta, sai ta tarar da shi zaune kan karaga. 'Yan mintuna ne, amma sun ratsa, don matacce ne, fushinta ne ya kirawo shi. Ga kuma What If...? a 2021. Haba, bai isa ba?

6/ Na san abin da ya sa muke sonsa a nan. Wurin gidan tarihin nan na Landan, da ya tsare baturiya yana tambayarta yadda kakanninta suka samo kayan. Duk ɗan Najeriya ya san sojojin Birtaniya sun wawashe Benin a 1897, wurin ya sosa mana inda ke ƙaiƙayi. Amma so kan sa mantuwa. Mutumin nan ya harbe budurwarsa da hannunsa. Ya kashe Zuri. Ya shaƙe dattijuwa don ta yi masa musu, ya sa aka ƙone gonar ganyen kaf don kada a yi wani sarki bayansa.

7/ A nan tsorona yake. Michael B. Jordan ya girmi a ɗauko shi a sake kashe shi a matsayin bos. In ya dawo, wanke shi za a yi tas a mai da shi akta, kamar yadda aka yi wa Loki. Sai a ba mu Killmonger mai tuba da barkwanci, wanda ya daina tayar wa Wakanda hankali. Wallahi gara babu.

8/ Marvel dama ta saba. Loki ya "mutu" a 2013, ya mutu a 2018, ya dawo da shirinsa na kansa. Iron Man ya mutu a 2019, a 2024 aka sanar Robert Downey Jr. zai dawo a matsayin Doctor Doom. Mutuwa ta zama hutun rabin lokaci.

9/ Kuma ba bosawa aka rasa ba. Namor na raye, sulhunsa da Shuri na wucin gadi ne, shi da bakinsa ya nuna jira yake. Faransa ta tura sojojin haya cibiyar Wakanda a Mali don satar vibranium, Amurka na haƙonsa a teku. Doom kansa ya taɓa kai wa Wakanda hari a komik ɗin Doomwar na 2010. M'Baku ya fito neman sarauta, ɗan T'Challa yana ɓoye a Haiti. Ryan Coogler ya fara warware waɗannan tukuna.