Haɗarin jiragen ruwa: Kafin a sake raba rigunan kariya, a sama wa matuƙa rediyo da mai sauraro

Da misalin ƙarfe uku na dare, wayewar garin Litinin 12 ga Yunin 2023, wani jirgin katako ɗauke da 'yan biki ya dare gida biyu a Kogin Neja, a yankin ƙaramar hukumar Patigi ta Jihar Kwara. Daga ƙauyen Egboti na Jihar Neja suke dawowa. Mutum fiye da 100 ne suka rasu, har da ƙananan yara. Abin da ya fi ciwo a rahotannin da suka biyo baya shi ne, sai da aka shafe sa'o'i kafin akasarin mutanen yankin su san abin da ya faru, alhali wanda bai iya iyo ba mintuna kaɗan sun isa ruwa ya ci shi.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, dalilan da ake lissafawa ba sa canzawa: lodi ya wuce kima, an yi tafiyar dare, jirgin ya tsufa, ba wanda ya sa rigar kariya. Duk gaskiya ne. Haka aka ce bayan haɗarin Wara a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, haka aka ce bayan na Bagwai a Kano inda aƙalla mutum 29 suka rasu a watan Nuwamban shekarar, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, haka kuma aka maimaita bayan na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa a daren 1 ga Oktoban 2024. A 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ta ƙaddamar da rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12, ta fara daga Minna. Abin a yaba ne. To amma akwai wani giɓi da ba kasafai ake tabo shi ba: jirgin da ya ɗauko mutum 200 a tsakiyar kogi ba shi da wata hanya ta cewa "ku kawo ɗauki", kuma ko ya faɗa babu wanda aka ajiye domin ya ji.

Rigar kariya tana hana mutum nitsewa ne kawai. Ba ta kai shi gaɓa. Matar da ke goye da jariri, tana yawo a saman ruwa cikin duhu, igiyar ruwa na janta, tana buƙatar wani ya san tana wurin.

Ai kowa na da waya

Wannan ce amsar da za a fara bayarwa, kuma da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai duk wanda ya taɓa tsallaka Tafkin Kainji ya san sabis na ɗaukewa tun kafin a yi nisa da gaɓa. Ko da sabis, waya mutum ɗaya take kira, wanda wataƙila yana barci ko wayarsa ba caji. Kuma da zarar ta sha ruwa, zance ya ƙare.

Rediyon jiragen ruwa, wanda ake kira VHF, ba haka yake aiki ba. Ɗan'uwan oba-oba ne, amma an ƙera shi don ruwa: ba ya jin jiƙa, wasu ma idan sun faɗa kogi tasowa suke yi. Ba ya buƙatar kati, ba ya buƙatar turken kamfanin waya. Babban amfaninsa shi ne idan matuƙi ya danna ya yi magana, duk wanda rediyonsa ke kunne a kewayen zai ji a lokaci guda. A duk duniya tasha ta 16 aka keɓe don kiran neman ɗauki. Na hannu yana kai 'yan kilomitoci, amma idan aka kafa eriya mai tsawo a bakin gaɓa, tana iya ɗauko kira daga nisan kilomita 20 ko fiye. Kuɗin na hannun bai kai na babur ɗaya daga cikin waɗanda ake lodawa a kan jirgin ba.

Dalilin da ya sa wannan ya dace da kogunan Arewa shi ne sanin su wane ne masu ceton. A Patigi, a Gbajibo, a Wara, waɗanda suka fara isa wurin masunta ne da 'yan fito da masu ninƙaya na ƙauyukan da ke kusa. Jami'an gwamnati kan iso ne daga baya, lokacin da aiki ya koma neman gawarwaki. Tunda haka abin yake, na'urar da ta fi amfani ita ce wadda za ta tayar da Sarkin Ruwa da mutanensa cikin minti ɗaya.

Sai dai rediyo ba mai sauraro shirme ne, kuma duniya ta biya wannan darasi da tsada. A daren da jirgin Titanic ya nitse a watan Afrilun 1912, yana da na'urar aika saƙo, kuma an yi ta aikawa. Jirgin da ya fi kusa da shi, Californian, bai ji ba, saboda mai kula da na'urarsa ya kashe ta ya kwanta. Carpathia da ya ji yana nesa, sai bayan kusan awa huɗu ya iso, ya kwashi mutum kimanin 700. Fiye da 1,500 sun tafi. Bayan nan ne aka wajabta sauraron rediyo dare da rana a manyan jiragen fasinja, aka kuma samar da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS a 1914. Wannan yarjejeniya ta jiragen teku ce, ba ta shafi jirgin katakon da ke kai mutane kasuwar Katcha ba. Amma darasin ya shafe shi. Idan za a raba rediyo, to kowace babbar tashar jirage, Yauri, Wara, Malale, Jebba, Patigi, tana buƙatar ɗaki ɗaya, batir da sola, eriya, mutum biyu ko uku masu karɓa-karɓa, da jirgi mai inji wanda ba a rasa mai a cikinsa. Abu na ƙarshen nan shi ne ya fi saurin lalacewa a hannun hukuma.

Dajin da ke ƙarƙashin ruwa

Kira bayan haɗari ke nan. Akwai kuma abin da na'ura za ta iya yi kafin haɗarin.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har da tsohon garin Bussa. An kwashe mutane, amma ba a kwashe duka itatuwa ba. Haka aka yi a Jebba daga baya. Kututturan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma da yake ruwan tafkin na hawa yana sauka da mitoci da dama a shekara, kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a wannan wata, bayan wata uku yana iya kasancewa dab da sama, yana jiran cikin jirgi. Jirgin da ya kife a yankin Malale na ƙaramar hukumar Borgu a watan Satumban 2025, ɗauke da masu zuwa ta'aziyya, kututture aka ce ya daka. Mutanen Yeji da sauran garuruwan bakin Tafkin Volta a Ghana, inda Hausawa ke da zango tun da daɗewa, sun san wannan masifa sarai, domin tafkinsu ma a kan daji aka kwantar da shi.

A nan ne 'yan kwangila za su zo da na'urar auna zurfi. Tana aiki ne da amo: ta harba sauti ƙasa, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, tunda sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa. Tana da amfani ƙwarai a inda yashi ke taruwa yana canza hanya kowace damina. Amma irin mai arahar ƙasa take kallo, ba gaba ba. Kafin ta nuna kututture, jirgi ya riga ya hau kansa. Duk wanda ya ce ita ce maganin kututture, ciniki yake nema.

Abin da ya fi ta tasiri yana aljihun matuƙi tuni. GPS ɗin da ke cikin wayar zamani daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba ruwansa da sabis, kuma a fili kamar saman tafki kuskurensa ba ya wuce 'yan mitoci. Matsalar ita ce GPS zai gaya maka inda kake, amma ba zai gaya maka abin da ke gabanka ba sai an zana shi a taswira. Ilimin kuwa akwai shi, yana kan dattawan matuƙa da masunta waɗanda suka san wurin kowane kututture kamar yadda suka san ɗakunan gidajensu. Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ɗaya ba: lokacin da ruwa ya ja, a ɗauki waɗannan dattawa da masu safiyo, a bi manyan hanyoyin fito ɗaya bayan ɗaya, a sa alamar kowane kututture da kowane dutse, a zana layin da ba shi da haɗari, a saka a wayoyin matuƙa. Inda aka fi zirga-zirga a kafa alamomi masu yawo a ruwa, masu fitilar sola. Yaron da ya gaji jirgi bai gaji idon ubansa ba, kuma a ranar da hazo ya rufe gaɓa ko dattijon ma lalube yake yi.

Ba a ce ba a iya irin wannan aiki a ƙasar nan ba. A 2023 Rundunar Sojin Ruwa, tare da bankin NEXIM da wasu abokan hulɗa, ta fitar da taswirorin Kogin Neja daga Lokoja zuwa Burutu, domin jiragen dakon kaya su samu hanya. Kaya sun samu taswira. Masu zuwa biki da kasuwa da Maulidi a sama da Lokoja su ma sun cancanta.

Maganar fitila ta fi kowacce sauƙi, ta kuma fi kowacce jawo gardama. Ƙa'ida ita ce ja a hagu, kore a dama, fara a baya, domin wanda ke tahowa ya gane inda jirgi ya dosa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta haramta tafiyar dare, don haka wasu za su ce sanya fitila tamkar ba da lasisin karya doka ne. Amma haramcin yana nan lokacin da aka yi na Patigi, yana nan lokacin da aka yi na Gbajibo. Mutane na shiga ruwa da dare saboda kasuwa ta tashi a makare, ko hanyar mota ta yanke, ko kuma sun fi tsoron 'yan bindiga a kan tudu fiye da kogi. Wasu matuƙan ma da gangan suke tafiya a duhu don kauce wa jami'ai. A ci gaba da hanawa, a hukunta mai laifi, amma jirgin da injinsa ya mutu da la'asar har magariba ta riske shi a tsakiyar ruwa bai karya dokar kowa ba, kuma shi ma yana buƙatar a gan shi.

Akwai na'urori masu tsada da ya kamata a jinkirta. Ɗaya ita ce EPIRB, wadda idan ta faɗa ruwa take aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kuma Najeriya na da cibiyar karɓar irin wannan saƙo a ƙarƙashin hukumar NEMA a Abuja. A teku ta ceci dubban rayuka. A kogi kuwa, kafin labari ya je Abuja ya dawo Ngaski, mai afkuwa ta afku. Haka AIS, mai nuna wa manyan jirage junansu a allo, ba ita ce matsalar kwalekwalen Goronyo ba. Idan aka fara da waɗannan, za a sha bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hotuna, kayan su ƙare a sito.

Tsoro biyu na gaskiya ne. Na farko tsaro: a yankin da 'yan bindiga ke yawo, jami'an tsaro ba za su so ganin oba-oba a hannun kowa ba. Maganinsa rajista, kowane rediyo da sunan jirginsa da lambarsa, ta hannun ƙungiyar matuƙa da Sarkin Ruwa, da sanin sojoji da 'yan sandan ruwa. Na biyu shi ne kada a mayar da abin wata sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin gaɓa. Idan gwamnatin jiha ko hukumar N-HYPPADEC, wadda dama aka kafa don al'ummomin yankunan madatsun ruwa, ta ɗauki nauyin kashin farko, matuƙi ya biya a hankali ta ƙungiyarsa, an rage wannan ƙofa.

Babu na'urar da za ta hana jirgin mutum 100 nitsewa idan an ɗora masa 300 da babura da buhunan hatsi. Amma ko a nan rediyo na da rawar takawa. Idan doka ta ce ba jirgin da zai tashi sai matuƙi ya kira tasha ya faɗi sunan jirgi, inda ya nufa da adadin mutanen da ya ɗauka, mai sauraro ya rubuta a littafi, to ƙarya ta zama mai shaida, kuma jirgin da bai iso a kan lokaci ba za a fita nemansa tun kafin wani ya tsinci takalmi a gaɓa. A Gbajibo, abin da hukumomi suka iya faɗa shi ne jirgin na ɗauke da mutum kimanin 300, akasari mata da yara, an ceto wajen 150. Masu ninƙaya sun yi kwanaki suna shiga ruwa ba tare da sanin mutum nawa suke nema ba.