ƊAN'UWA, KA CI HUTUNKA TUN KAFIN JIKI YA ƘWACE SHI DA ƘARFI

Jama'ar wannan zaure, musamman 'yan uwa masu aikin kula da tsofaffi, masu aikin sito, masu gadi da direbobi a nan Ingila. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Tambaya ɗaya zan fara da ita. Tun da ka sauka a ƙasar nan, kwana nawa ka yi wanda ba ka je aiki ba, ba ka je asibiti ba, ba ka bi layin wata takarda ba, kawai ka zauna ka huta? Wasunmu in za su faɗi gaskiya, shekara biyu ko uku babu ko mako ɗaya. Daga shif ɗin dare sai na rana, daga nan sai obataim. In an ce hutu sai mutum ya ce "sai na je gida". To kuɗin jirgi na iyali biyar zuwa Kano ko Yamai ba wasa ba ne, sai shekara ta zagayo ba a je ba, hutun ma ba a ci ba.

Ni ma haka nake, har sai da wani abokin aikina ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas da asuba bayan ya jera dare shida. Hawan jini. Allah ya sa da sauran kwana, amma wata biyu bai yi aiki ba. Duk abin da ya tara na obataim a nan ya ƙare, su kuma na gida da yake wahala dominsu suka koma yi masa addu'a a waya. Daga ranar na sauya tunani. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Ka san hakkinka tukuna. A dokar Birtaniya, mai aikin kwana biyar a mako yana da hutun kwana 28 a shekara, kuma da albashinsa. Biza ba ta rage maka wannan. Mai aikin da ba shi da tsayayyun awanni shi ma yana tara hutu, kashi 12.07 cikin ɗari na awannin da ya yi. Ka duba takardar albashinka da kwantiraginka. A wurare da yawa in shekarar hutu ta ƙare ba ka ci ba, ya tafi ke nan, kyauta ka bai wa kamfani. In manaja yana maka wasa da hankali, akwai hukumar Acas, shawararsu kyauta ce.

To ina za a je? Ga abin da muka yi mu iyali uku daga Leicester, a hutun makaranta na ƙarshen watan Mayu. Mun kama hayar gida na mako ɗaya a gaɓar tekun arewacin Norfolk, kusa da wani ƙauye mai suna Cley, ana furta shi "Kilai". Tafiyar kusan awa uku ce a mota, ta Peterborough da King's Lynn, sannan a bi hanyar bakin teku. Babu biza, babu filin jirgi, babu wanda zai tambaye ka fasfo.

Irin waɗannan gidaje tsofaffi ne na ƙauye, da duwatsun bakin teku aka gina su. Masu su sun gyara sun zuba komai: gadaje, bargo, tukwane, firji, injin wanki. Ku ne za ku dafa abincinku, kuma wannan shi ne daɗinsa a gare mu. Babu ruwanka da tambayar ko naman otal halal ne. Uwargida ta tuƙa tuwonta, yara su yi gudu a tsakar gida, babu maƙwabcin bene da zai buga maka bango.

Abin da ya sa wurin ya yi suna shi ne fadamarsa. Tsakanin ƙauyen da teku akwai wata makekiyar fadama mai dogayen ciyayi masu kama da gamba, da tafkuna nan da can. A 1926 wani likita mai suna Sydney Long da abokansa suka saye ta don kawai a bar wa tsuntsaye. Daga nan aka samu ƙungiyar da yanzu ake kira Norfolk Wildlife Trust, kuma ita ke kula da wurin har yau. An shimfiɗa hanyoyin katako a cikin ciyawar, an gina 'yan bukkoki masu rufin ciyawa da ƙananan tagogi, ka shiga ka zauna shiru kana kallon tsuntsaye ba su ganin ka. Har yanzu ana yankan ciyawar nan da hunturu a yi rufin gidaje da ita, kamar dai yadda ake jinka a ƙauyukanmu. Shiga bukkokin da tikiti ne, amma hanyar da ta bi ta kan gaɓa zuwa bakin teku kyauta ce.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu da muka zo neman na tuwo, ina mu ina kallon tsuntsu? Wannan ai aikin Turawan da suka ƙoshi ne." Wallahi ni ma da wannan tunanin na je. Da na ga dattawa sun saɓa manyan madubin hangen nesa suna raɗa-raɗa kamar a ɗakin jarrabawa, dariya ta kama ni. Sai wani tsoho a cikin bukkar ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya, arewa. Ya miƙo mini madubinsa ya ce to in duba baƙi 'yan uwana.

Ashe da yawa daga tsuntsayen da ke cika fadamar nan a watannin ɗumi daga wajenmu suke zuwa. In sanyi ya matso sai su tashi, su ƙetare Turai da Bahar Rum da Sahara, su sauka a yankin Sahel, irin su fadamar Hadeja zuwa Nguru, da Tafkin Chadi, da bakin Kogin Kwara a Mali. Wasu ƙanana ne, ba su kai nauyin ƙwai ba. Tsattsewar da ke sheƙa a rumbunan ƙauyen ita har Afirka ta Kudu take kaiwa. Akwai wata cibiyar binciken tsuntsaye a Thetford, nan cikin Norfolk, da tun 2011 take ɗaura wa wani tsuntsu da suke kira kuku 'yar na'ura a baya, suka gano cewa dazukan Kongo yake zuwa cin hunturu, kuma yana ratsa Afirka ta Yamma a hanyarsa ta dawowa. Na ga zalɓe tsaye a ruwa, na ga wani fari sol mai kama da belbela, sai na ji kamar ina bakin fadamar garinmu da yamma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: tsuntsun nan ɗan ci-rani ne kamar ni da kai, amma ba ya yin tafiyar a numfashi ɗaya. Yana sauka a fadama ya ci, ya yi ƙiba, ya huta, sannan ya tunkari Sahara. Wanda bai tara ƙarfi ba a hamada yake faɗuwa. Ɗiyata mai shekara tara ta ce, "Baba, ashe su ma gida biyu gare su." Yarinyar da kullum take tambayata ita 'yar ina ce.

Yanzu ga maganar kuɗi, don na san nan ne gizo ke saƙar. A ce gida mai ɗaki huɗu ya kama fam 900 a mako. Iyali uku, kowa 300. In kun fara adashe tun wata shida kafin lokacin, fam 50 ne a wata. Farashi yana hawa sosai a Yuli da Agusta da duk lokacin hutun makaranta, yana sauka daga Nuwamba zuwa Maris. Gwauraye da waɗanda iyalinsu ke gida, ku je lokacin araha, ku ɗauki kwana uku ko huɗu ma ya isa. Da hunturu dubban dinyoyin daji ne ke zuwa daga Aisland, ka ga sun rufe sama da asuba. Masu yara kuma kada araha ta ja ku ku cire su daga makaranta. Tara ce fam 80 a kan kowane yaro, uba daban uwa daban, in aka yi jinkirin biya ta koma 160.

Ga abubuwan da za ku kiyaye, wasu da kanmu muka koya:

Na ɗaya, kada ka tura kuɗi ta banki ga wani da ka gani a Facebook yana tallan gida mai arha. 'Yan damfara sun cika wannan harka. Ka bi ta sanannen kamfanin haya, ka karanta abin da waɗanda suka taɓa kwana suka rubuta, ka biya da katin bashi in kana da shi, don doka ta fi kare ka in abin ya wuce fam 100.

Na biyu, in an rubuta mutum takwas, to takwas ne, har da yara. Halinmu na "ai sai a shimfiɗa katifa a falo" ba ya aiki a nan. Mai gida yana iya korar ku ba tare da ya mayar da ko sisi ba.

Na uku, yawanci shiga da yamma ne wajen ƙarfe huɗu, fita ƙarfe goma na safe. Ku ɗauki hoton ko'ina da kun shiga. Wasu suna riƙe kuɗin ajiya saboda ɓarna. Mu manja ne ya ci mana wani abu a ciki, ya ɗiga a kan farin kyallen tebur. Ku tafi da ledar shimfiɗa, ku buɗe taga in ana suya, don na'urar hayaƙi ba ta san ƙamshin daddawa ba. A tafi da buta, amma a yi hattara, wasu banɗakunan darduma ce a ƙasa.

Na huɗu, ku yi cefane tun daga gida: nama, shinkafa, garin tuwo, kuka, yaji. Shagunan ƙauyen ƙanana ne, da tsada, kuma suna rufewa da wuri. In za ku sayi soyayyen kifi da dankali, ku tambaya da wane mai aka soya, kuma ko an sa giya a ƙullun. Masallaci sai Norwich, tafiyar kusan awa ɗaya, don haka ku shirya jam'inku a gida. Alƙibla kudu maso gabas take.

Na biyar, kuma wannan ya fi duka muhimmanci: teku ba kogin garinku ba ce. Sau biyu a rana take cikowa tana janyewa, kuma lokacin yana matsawa kullum. A wurare irin su Wells ruwa yana janyewa nesa, ka ga yashi fili kamar filin Idi, sai ya dawo ta bayanka ta ƙananan kwazazzabai ya datse maka hanya. Ka duba jadawalin cikowar ruwa kowace safiya. Kada yara su shiga laka. In wani abu ya faru ka kira 999 ka ce masu gadin teku kake nema. A Disamba 2013 teku ta ɓalle ta mamaye fadamar Cley gaba ɗaya, ka ga ba abin rainawa ba ce.

Na shida, tsuntsun nan da ƙwansa dokar 1981 ce ke kare su. Ba a kamawa, ba a ɗaukar ƙwai, ba a jifa, ba a kunna wutar gashi a cikin ciyawa. Ka ja wa yara kunne tun a mota. Mai zama da biza ba ya son sunansa a littafin 'yan sanda saboda ƙwan agwagwa. Haka nan mai tuƙi da lasin gida, ka tuna wata 12 kawai yake maka aiki daga lokacin da ka zama mazauni. In ya wuce, ku hau jirgin ƙasa zuwa King's Lynn ko Sheringham, akwai bas da ke bin gaɓar.

Yara kuwa ba za su gaji ba. A bakin ruwan Blakeney ana kamun ƙaguwa da zare da bokiti, a ƙirga a mayar da su ruwa. Turawa naman alade suke sawa a zaren, mu guntun kifi muka sa, kuma ƙaguwar ba ta yi mana gardama ba.

Ba zan ɓoye muku ba, za a kalle ku. Ƙauyukan nan ba Leicester ba ne, ba Peckham ba ne. Matanmu da hijabi, mu da hula, mun yi kwana biyu ba mu ga baƙar fata ba. Yawancin mutane gaisuwa suka yi mana da fara'a, ɗaya ko biyu suka ɗaure fuska. Mun amsa gaisuwar masu gaisuwa, mun wuce sauran. Harajinmu yana cikin kuɗin da ake gyara hanyoyin nan, kuma iyayen wasunsu mu ne muke juya su a gado da tsakar dare. Ba sai mun nemi izinin kowa ba kafin mu sha iskar ƙasar.

Sai maganar na gida. Na san nauyin da ke kanmu: kuɗin makaranta, magani, buhun masara, ginin da aka fara. Ban ce ka yanke ko ɗaya ba. Amma ka faɗa wa kanka gaskiya, in ka kwanta yau wa zai aika? Fam 50 a wata da ka ware don jikinka da iyalinka yana cikin hidimar gidan. Kuma ba dole ba ne ka watsa hotuna a sitatus in ka san zai jawo magana.

A daren ƙarshe na fito ƙofar gida bayan isha. Babu jiniya, babu ƙarar ƙararrawar majiyyaci, sai iska a cikin ciyawa da kukan tsuntsaye can cikin fadama. Na yi barcin awa takwas a jere, abin da rabona da shi tun ina gida. Maiɗakina ta ce ta manta ina da dariya.

Don haka gobe in ka je aiki, ka tambayi kwana nawa ya rage maka, ka cike takardar hutu tun kafin wasu su riga ka. Ka nemi mutum biyu da kuka yarda da juna ku fara adashen. Wanda ya taɓa zuwa wani wuri makamancin wannan, a Wels ko Sikotlan ko ina ne, ya faɗa mana a ƙasa don wasu su amfana. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe bai huta ba.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, ya mayar da mu gida da ƙafafunmu. Amin.