Takardar Da Ke Jakar Yaro

Jama'a, akwai wata takarda da yara kan zo da ita daga makaranta a farkon shekara, ta kwana a jaka tare da ɓawon lemo har ta yage. Da yawa cikinmu, musamman masu fita kasuwar Church Street tun da asuba, ba mu kula ta, muna zaton neman kuɗin yawon buɗe ido ne. To, wani sa'i takardar neman izini ce a kan magani, kuma ran yaro yana iya rataya a kanta.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2014 Majalisar Ingila ta yi doka wadda ta ɗora wa makarantun gwamnati nauyin kula da yara masu ciwo. Daga ran 1 ga Oktoba na shekaran nan aka yardar wa makaranta ta sayi maganin shaƙa na masu fuka, watau asma, ta ajiye don ɓacin rana. Ran 1 ga Oktoba 2017 kuma aka ƙara da allurar gaggawa mai kama da alƙalami, irin su EpiPen, wadda ake soka wa yaro a cinya in ya ci abin da jikinsa ya ƙi, kamar gyaɗa ko ƙwai ko madara, maƙogwaronsa ya fara kumbura. A 2023 gwamnati ta raba wa makarantunta na'urar tayar da zuciya in ta tsaya.

Amma fa ka'idar da ta zo da maganin shaƙan nan ta ce a ba yaron da likita ya tabbatar da ciwonsa, wanda kuma iyayensa suka ba da izini a rubuce. Allurar ma haka aka tsara ta. In ba takarda, malama za ta tsaya wasi-wasi, ta buga 999 ta nemi shawara, alhali yaro yana kokawa da numfashi. Asibitin St Mary's na Paddington ba nisa gare shi daga Marylebone, gaskiya ne, amma maƙogwaro in ya tashi toshewa ba ya jiran mota ta ratsa cunkoson Edgware Road. Dokokin 2014 da 2017 izini suka ba makarantu, ba su tilasta musu saye ba. Saboda haka kowane uba ya je ya tambayi hedimasta: kuna da su? Wa ya iya aiki da su?

Mun san abin da ke sa waɗansu noƙewa. Rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci yana da wani sinadari da aka samo daga alade, malamai kuwa sun yi saɓani a kansa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai allura maimakonsa wadda ba ta da wannan, sai ya nema. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ƙi takarda duka saboda wannan guda ɗaya, har da ta maganin fuka, wanda ba ruwansa da wannan magana. Haka kuma masu ɓoye ciwon yaro don kada a ce gidansu da cuta; malamar da ba ta sani ba, me za ta yi?

Wanda Turanci ya yi masa nauyi ya kawo takardarsa ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a. Samarinmu za su karanta masa layi layi kafin ya sa hannu, ya kuma rubuta lambar wayar da lalle za a same shi a kanta ko yana bakin rumfa. Wasalam.