Yarjejeniya a Faris, Gawo a Gona



A 2009, a Kofanhagan, ƙasashe masu masana'antu suka yi alkawarin ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 kowace shekara domin sauyin yanayi. A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar Faris, Nijar ta tabbatar da ita a 2016. Madalla. Amma takarda ba ta tare iskar hamada. Itace ke tarewa, itace kuwa a gonar talaka yake tsira.

Ku tuna dokar daji ta 1935. Nasara ya ware itatuwan da ba a taɓawa sai da izinin hukuma. Manomi ya sare reshe a gonarsa, a ci shi tara. To, mi zai sa ya reni abin da ba nasa ba? Sai ya tumbuke tsiron tun yana ƙarami. Mun samu mulkin kai, tsoron mai gadin daji bai gushe ba. Farin 1973 da na 1984 suka iske gonaki tsirara.

Daga 1984 manoman Maradi suka kama sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Hukuma ta sassauta, ƙauyuka suka kafa dokokinsu na hana sata. Aikin ya bazu har Damagaram. Aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga matsayinmu. Yamai ta yi magana da duniya, wannan aikinta ne. Amma kuɗin da aka karɓo da sunan talaka a yanka wa kowace ƙaramar hukuma rabonta, a rubuta, a manna a bakin kasuwa. Majalisun da aka fara zaɓa a 2004 an rushe su a 2024. A maido da zaɓe, domin wanda manomi da makiyayi suka zaɓa shi suke iya tambaya.

Mu masu koyarwa muna ganin yaran da ake cirewa daga lakwal in damina ta ƙi. Kowane reshe ya karanta wannan ranar kasuwa, ya aika mutum biyu ofishin magajin gari su tambaya: nawa ya zo, ina ya tafi?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.