Gidan Haya a Bakin Masana'antun Kano

Akawu ko malamin makaranta da ke nufin cin bashin banki don ya gina ɗakunan haya a Sharaɗa, Challawa ko Bompai, lalle ya yi lissafi tukuna. A 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, sa'an nan sauran bankuna suka ɗora nasu. Hayar lebura ba ta biyan wannan, balle ga gyaran rufi kowace damina, ga yasar masai.

Kuma fa albashin ɗan haya a hannun masana'anta yake. Daga shekarun 1990, da lantarki ya yi wuya, yadin waje ya cika Kantin Kwari, masaƙu da yawa suka rufe. Ma'aikata suka watse, ɗakuna suka zauna wofi, banki kuwa bai fasa ƙirga ruwansa ba.