Wasan Na'urar Hannu Da Dajin Da Ya Gagari Yara

Ba baƙon abu ba ne a yau a tarar da magidanci, ma'aikacin Ƙaramar Hukuma ko malamin makaranta, zaune a ƙofar gida bayan sallar lisha a Ƙauran Namoda, ya duƙufa a kan wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, yana ta danne-danne da manyan yatsu. Idan aka leƙa gilashinta, sai a ga wani ɗan mitsitsin yaro riƙe da takobi da garkuwa, yana kutsawa cikin duhuwar itatuwa, ya faɗa wannan kogon dutse ya ɓulla ta wancan. Wannan shi ne abin da yara ke kira gem. Wani yana da na'urar da aka ƙera musamman domin wasan, wani kuwa a cikin wayarsa ya ɗora shi. Dattawa da dama in sun ga haka sai su girgiza kai, su ce babba ya koma yaro.

Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Wanda ya natsu ya dubi irin wasan da magidancin ke yi, ya kuma bi asalinsa, zai gane cewa abin da mutumin ke nema a cikin gilashin nan abu ne da ya taɓa mallaka a ƙuruciyarsa, wanda 'ya'yansa ba su samu ba, watau 'yancin fita bayan gari a yi yawo a komo gida lafiya.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wanda ya soma da sana'ar buga karta tun 1889, shi ne ya fito da na'urar Game Boy a 1989. Batir huɗu take ci, hotunanta kuma ba su da launi, sai baƙi-baƙi a kan kore-kore. Duk da haka ita da ƙanwarta mai launi an sayar da fiye da miliyan 118 a duniya. A 1993 aka fito da wani wasa a kanta mai suna Link's Awakening, daga cikin jerin wasannin da ake kira Zelda. Aka sake shi da launi a 1998, aka kuma sabunta shi baki ɗaya a 2019 domin na'urar Switch, saboda yaran da suka yi shi a dā sun girma, sun kama aiki, suna kuma begensa.

Labarin wasan tatsuniya ce sak. Wani saurayi mai suna Link jirginsa na ruwa ya farfashe, igiyar teku ta yasar da shi a wani tsibiri. Wata mujiya, wadda a can ba a ɗauke ta tsuntsuwar mugun fata ba, ta shaida masa cewa ba shi da hanyar komawa gida sai ya tashi wani ƙasurgumin kifi da ke barci cikin ƙwai a kan ƙololuwar dutse, kifin kuwa ba ya farkawa sai an tara kayan kiɗa guda takwas an kaɗa masa. Kowane ɗaya yana ɓoye a wani kurkuku, da dodonsa mai gadi, da ƙofofin da sai an nemo mabuɗansu. Mai wasa shi ke tuƙa saurayin. Shi zai duba taswira, ya tambayi mutanen ƙauye, ya yi musayar kaya da wannan da wancan, ya faɗi ya tashi, har ya kai gaci.

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Hausa ya san wannan zubi tun kafin ya ga batir. Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, labarin Alhaji Imam ne da ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa na magani, ya yi ta karo da Malam Zurƙe, ya ratsa har ƙasar aljannu kafin ya samo abin da ya fita nema. Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa duk a wannan turba suke. Bambancin kurum shi ne, a littafi ana ba mutum labarin jarumi, a na'ura kuwa an miƙa masa linzamin.

Sai dai akwai wani abin lura. Yawancin waɗanda suka tashi a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a shekarun 1990 ba su taɓa riƙe Game Boy ba, don kuwa sai ɗan wane da wane. Abin da ya zo hannun talaka shi ne 'yar na'urar jera bulo mai araha, daga baya kuma wasan maciji na wayar Nokia. To, mutumin da bai yi wannan wasa yana yaro ba, begen mene ne yake ji in ya zauna yana yinsa da furfura a gemu?

Amsar tana wurin wanda ya ƙago shi. Shigeru Miyamoto, wanda shi da abokin aikinsa Takashi Tezuka suka fito da Zelda na farko a 1986, an haife shi a 1952 a wani ɗan gari mai suna Sonobe, kusa da birnin Kyoto. Ya sha bayyana cewa wasan ya samo tushe ne daga yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da tsaunukan garinsu ba tare da taswira ba, har wata rana ya tarar da bakin wani kogo, ya yi ta jinjina abin, daga bisani ya ɗauko fitila ya shiga. Wannan faɗuwar gaba haɗe da zumuɗi ita ce ya ɗure cikin na'ura ya sayar wa duniya. Ashe jarin kamfanin duka yawon yaro ne a bayan gari.

Irin wannan yawo kuwa babu wanda zai koya wa mutumin arewacin Zamfara shi. Yaron Ƙaura na wancan zamani ya yi wanka a gulbin Gagare, ya bi layin dogo da ƙafa har ya daina hango gari. Na Zurmi da na Shinkafi sun fita da danƙo harbin kurciya, sun hau kanya, sun kaɗo magarya da aduwa, sun bi manya farauta da rani, sun raka shanu mashaya. Da dare a fita dandali a yi langa, 'yan mata na gaɗa, ƙanana kuma na gindin kaka ana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. A nan ne yaro ke koyon gane hanya da itace da tudu, da sanin iyakar ƙarfinsa, da yadda ake danne tsoro. Wannan shi ne abin da magidancin nan ke tunawa in ya ga ɗan saurayin cikin gilashi ya nufi duhuwa.

Sanin kowa ne abin da ya auka wa wannan daji. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka mai da dazuzzuka irin su Sububu da Dumburum maɓoyarsu, hanyar da ta tashi daga Ƙaura zuwa Shinkafi da wadda ta nufi Zurmi suka zama abin bi da addu'a, manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa, ƙauyuka suka watse zuwa cikin garuruwa. A ƙarshen daminar 2021 al'amarin ya kai ga Gwamnatin Jihar ta rufe kasuwannin mako da makarantu, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa kuma ta sa aka katse layukan waya a Jihar baki ɗaya, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Yaron da aka haifa cikin wannan hali, abin da ya fi ji daga bakin uwarsa shi ne kada ya kuskura ya wuce bakin gari. Gaskiyarta ne kuwa. Amma sakamakon shi ne, dajin da ya rage wa irin wannan yaro ya shiga ba tare da fargaba ba, shi ne na cikin na'ura, wanda ba ya ko bukatar layin waya, batir kaɗai ya ishe shi.

Saboda haka wanda ya tashi yin faɗa a kan gem, ya kamata ya san inda zai nufi da faɗan. Ba na'urar ce ta raba yara da dandali ba. An riga an raba su, ita kuwa ta tarar da gurbi ta zauna.

Wannan ba ya nufin masu suka ba su da hujja. Suna da ita. Akwai ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato yana can yana neman mabuɗin kurkuku na shida, akwai ma'aikacin da ke ɓoye na'ura a ƙarƙashin fayil jama'a na jira a bakin ofis, akwai kuma wanda kiran salla ke wuce shi bai ji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sanya jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, watau in ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa duk da cutarwar da yake gani. Kome ya yi yawa ya ɓaci, ko da zuma ce. Wajibi ne kuma iyaye su rarrabe tsakanin wasan labari, wanda yake da farko da ƙarshe kamar littafi, da cacar ƙwallo da ake yi ta waya, wadda ba ta da ƙarshe sai ƙarshen aljihu. Haɗa su a kwando ɗaya yakan sa a tsananta wa marar illa, a kau da kai daga mai illar.

Abin sha'awa shi ne, wasan da kansa ya yi wannan gargaɗi. Da tafiya ta yi nisa, sai Link ya gano cewa tsibirin duka, da ƙauyensa da mutanen da ya saba da su, mafarkin kifin nan ne, in kifin ya farka kome zai gushe. Dodannin suna yaƙarsa ne don kada a farka. Duk da haka cin wasan shi ne a kaɗa kiɗan, a tashi mai barci, a koma duniya ta gaskiya. Magidancin da ya kai ƙarshen wannan labari ya kamata ya fi kowa sanin cewa bege wurin ziyara ne, in an gaisa sai a yi sallama.

To, in an farka, me ya kamata a yi? Abu na farko yana wuyan hukuma, kuma ba shi da madadi. In ana lissafin ɓarnar rashin tsaro akan ƙidaya rayuka da shanu da buhunan hatsi, haka kuwa ya dace. Amma ya kamata jami'an ilmi da na tsare-tsare su riƙa tuna wata asarar da ba ta shiga fayil, watau ƙuruciyar da aka yi ta a tsare. Kafin daji ya buɗe, Ƙananan Hukumomin nan uku suna da ikon killace filayen wasa a cikin gari, su hana a yanka su a sayar, makarantu kuma su maido da langa da kokawa da daren tatsuniya cikin harabarsu.

Abu na biyu yana wuyan ɗalibai. Ƙauran Namoda tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, Gusau kuma tana da Jami'ar Tarayya tun 2013. Babu dalilin da zai hana mai karatun kwamfuta ya haɗa kai da mai nazarin Hausa da mai zane su ƙera wasan da yaron Zurmi zai ga kansa a ciki. An yi a maƙwabta. A 2016 wasu matasa a Kamaru, a ƙarƙashin kamfanin Kiro'o Games, sun fito da wasan Aurion, labarin wani yarima da aka ƙwace wa gadon sarauta, wanda suka gina a kan al'adun Afirka. A Ikko kuma kamfanin Maliyo yana yin wasannin waya tun 2012. Kayan aikin ma sun yi sauƙi, don akwai manhaja ta kyauta mai suna GB Studio, wadda ta fito a 2019, da ake shirya wasa irin na Game Boy da ita ko da mutum bai yi zurfi a ilmin kwamfuta ba.

Labari kuwa ba a rasa shi ba. Ga fataken dā da ke tafiya Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da jakuna, da ƙetare gulabe da biyan fito a kowace ƙasa. Ga jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929 ya mai da ita ƙarshen layi, inda gyaɗa da auduga ke taruwa. Ga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda ta isa fagen kowace irin musayar kaya. In kayan kiɗa takwas ake nema, yankin da ya ji kotson Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ba zai yi lalube ba: ga kotso, ga taushi, ga kalangu, ga gurmi, ga kuntigi, ga sarewa, ga algaita, ga kakaki. Da ɗan gari akan ci gari.

Abu na uku na iyaye ne, shi ne kuma mafi sauƙi. Uban da ke wasan nan shi kaɗai a ƙofar gida, ya jawo ɗansa kusa su yi tare, ya ƙayyade masa lokaci, ya kuma ƙayyade wa kansa. In suka iso bakin kogo a cikin gilashi, ya ajiye na'urar ya ba shi labarin gulbin da ya yi iyo a ciki, da kanyar da ya faɗo daga kanta, da sunayen ƙauyukan da ke kan hanyar gonar kakansa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya haddace taswirar wani tsibiri na mafarki ba zai kasa riƙe ta ƙasarsu ba, in ya sami mai biya masa. Ranar da hanya ta buɗe, zai bukace ta.

Allah Ya kawo wannan rana da sauri, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.