Ruɓewar Ƙashi: Me Ya Sa Kafso Ba Ya Warkar Da Ita?

Mai karatu, idan kana zaune a yankin Dayi, Malumfashi ko Funtua, da wuya a ce ba ka taɓa ganin wanda ya karye a haɗarin babur ko aka harbe shi da bindiga ba, aka ɗaure ƙafar, amma bayan watanni wani ɗan rami ya buɗe yana zubar da mugunya. Ya sha kafso daga kemis, wurin ya kame, sai kuma ya dawo. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi sun yi kaka-gida. Masu ciwon sikila ma na yawan gamuwa da ita ko ba su karye ba.

Dalilin da magani ke gazawa shi ne, cutar na kashe wani ɓangare na ƙashin. Mataccen ƙashi ba ya samun jini, shi kuwa maganin da ka sha ko aka yi maka allurarsa ta jini yake tafiya. Don haka ba ya isa inda ƙwayoyin suke ɓoye. Yawan shan sa barkatai kuma na sa su saba da shi su daina jin magani, matsalar da ta kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019.

Shi ya sa likitocin ƙashi ke kai maganin har cikin ƙashin. Tun shekarun 1970 wani likita a Jamus, Klaus Klemm, ya fara amfani da ƙananan duwatsu kamar carbi, waɗanda aka yi da simintin ƙashi haɗe da maganin gentamicin. Ana zuba su a ramin da aka kankare, su riƙa sakin magani mai ƙarfi a wurin na tsawon makonni, ba tare da ya wahalar da ƙoda ko ya taɓa ji ba kamar yadda allurarsa ke iya yi. A Najeriya, Farfesa Temitope Alonge da abokan aikinsa a Ibadan sun gwada irin wannan da maganin ceftriaxone. Na siminti yawanci sai an sake tiyata an cire su. Akwai masu narkewa da kansu, amma sun fi tsada.

Sai dai ka sani, carbin nan ba ya aiki sai an fara cire mataccen ƙashi gaba ɗaya, an kuma gwada ƙwayar cutar a ɗakin gwaji don a san maganin da ke kashe ta. Wannan aikin likitan ƙashi ne, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa na Shika.

Manomi kan ce bari a gama girbin masara tukuna. Jinkirin nan kan jawo ƙashin ya sake karyewa, wani lokacin har a yanke ƙafa. Idan karaya ta zo da rauni a buɗe, a nufi asibiti a ranar kafin a je wurin mai ɗori. Idan kuma rauni a kan ƙashi ya daɗe yana zubar da mugunya, ka daina sayen kafso, ka je babban asibitin Malumfashi a yi hoto, a tura ka gaba. Allah ya ba mu lafiya.